Ruwan Wanke Hannu a Cikin Jirgin Su

Wannan magana ta masunta ce, da matansu, da yaran da ke bin su cikin jirgi. In kai ne ka iya karatu a gidanku ko a tungarku, ka tara su da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu a hankali. Inda ba su gane ba ka maimaita.

Ba wanda ya kai masunci zama cikin ruwa. Tun asuba yana kansa, wani lokaci ma a kansa ya ke kwana. Saboda haka in aka ce masa ya ɗebo ruwa daga gida ya shiga jirgi da shi, sai ya yi dariya, ya ce, "Wa ke kai wa kogi ruwa?" To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka ji dalili. Mu ma'aikatan ɗakin shan magani ba mu fi ka sanin ruwa ba. In kifi ya fito ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai yi musu? Amma mu a ke kawo wa waɗanda ruwan ya cuta, a kwance cikin jirgi ko a bisa amalanke. Abin da mu ka gani shi za mu faɗa maka.

Roƙonmu ba shi da yawa. Kowane jirgi, kome ƙanƙantarsa, ya zama akwai abu uku a cikinsa: jarkar ruwa mai tsabta, da buta, da guntun sabulu.

Abin da hannunka ke taɓawa

Dubi hannunka, ka tuna aikin da ya yi tun fitowarka. Ya riƙe filafili. Ya jawo kalli da taru daga cikin laka da ciyawa. Ya sa tana a ƙugiya. Ya kama tarwaɗa da yauƙinta, ya ɓare ƙarfasa, ya zaro hanji. Ya kwarfe ruwan da ya kwanta a gindin jirgi, wanda ya haɗu da jinin kifi da dattin ƙafa. In jirginka mai inji ne, ya taɓa fetur da baƙin mai. In kuwa ka zaga, da hannu ka yi tsarki.

Sa'an nan rana ta yi tsaka, yunwa ta taso. Ka miƙa hannu gefen jirgi, ka kaɗa shi cikin ruwa sau biyu, ka goge a wando, ka jawo ƙullin garin rogo da ƙuliƙuli, ko sauran tuwon jiya. Ku uku ko ku huɗu ku ka zuba hannu cikin ƙwarya ɗaya. Bayan nan ka fasa goro, ka miƙa wa abokinka rabi.

Kaɗa hannun nan da ka yi ya kawar da yauƙi da ɓawon kifi, watau abin da ido ke gani. Amma abin da ke kashe mutum ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita a ke iya ganinsu. Dubbai daga cikinsu su na iya zama cikin ɗigon ruwa guda, ruwan kuwa ya na nan garau kamar hawaye. Su kan maƙale a ƙarƙashin farce da cikin faso na tafin hannu, inda maiƙon kifi ya riƙe su.

Ruwan da ke ɗauke da jirgi

Ka tambayi kanka inda ruwan nan ya biyo kafin ya iso gare ka. Kogin Kwara kafin ya zo Yawuri ya ratsa Bamako da Yamai da ƙauyuka ba iyaka. Kogin Haɗeja ya kwaso abin da garuruwan ƙasar Kano su ka zubar. Tafkin Chadi kuwa mafi yawan ruwansa daga kogin Shari ya ke zuwa, bayan ya wuce ta Injamena. Ko'ina ya bi akwai mai wanki, da mai wanka, da mai ba dabbobi ruwa, da mai zagawa bakin gaɓa. Ruwan sama na fari ya kan share bayan gari duka ya zuba cikin kogi.

Ban da wannan, a cikin jirgin su ba masai. Wanda ya matsu, cikin ruwa ya ke yi. A tsibiran tafki kuma, in an haƙa rami kaɗan sai a tarad da ruwa, saboda haka masai ba ya daɗewa, in ruwa ya cika sai ya shafe shi. Inda ya fi muni duka shi ne bakin gaɓa, wurin da a ke ɗaure jirage a na cinikin kifi, domin nan jama'a su ka fi yawa, nan kuma ruwa ya fi kwanciya. Abin mamaki, nan ne masunci ya fi wanke hannu da fuska in ya sauko.

Cututtukan da ke bin hannu zuwa baki

Babbarsu ita ce kwalara, wadda a ke kira amai da gudawa. Ta shigo Afirka ta Yamma a shekarar 1970, a 1971 ta kai ƙasashen Tafkin Chadi, tun daga nan kuwa ba ta bar mu ba. A 2010 ta yi ɓarna a ƙasashe huɗu da ke kewaye da tafkin, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da a ke zaton ta kama a Nijeriya kaɗai, fiye da 3,000 su ka rasu.

Ga yadda ta ke. Ƙwayar cutar ta na fita cikin bayan gidan mai ita, ta shiga ruwa, daga ruwa ta hau hannu ko abinci, daga nan sai ciki. Tsakanin rabin yini da kwana 5 sai gudawa ta tsinke, fara kamar ruwan wankin shinkafa. Ƙato mai ƙarfi ya na iya fita su da safe lafiya lau, kafin gari ya waye idonsa ya faɗa, muryarsa ta dishe. In ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba, ya na iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani. Yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba su kwanta ba, ba su ma san su na ɗauke da ita ba, alhali kuwa ta na fita cikin bayan gidansu har kwanaki. Saboda haka kada ka ce, "Ai ba mara lafiya cikin jirginmu." Mai lafiyar nan da ke zaune kusa da kai ya na iya zama shi ne mai ita, kai ma ka na iya zama. Da haka a ke kai ta gida, a zuba wa yara cikin akushi.

Hanyar nan ɗaya ita ce zazzaɓin taifot ke bi, da atuni mai jini da majina, da wata irin shawara mai sa ido ya yi rawaya, wadda ta fi haɗari ga mace mai ciki. A 2017 irin wannan shawara ta ɓarke a jihar Difa ta Nijar, kusa da tafki, mata masu ciki ne kuwa su ka fi mutuwa.

Tsargiya dabam ta ke

Tsargiya, watau fitsarin jini, ba ta baki ta ke shiga ba. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Mai tsargiya in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya kan ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Daga jikinsu 'ya'yan tsutsar ke fitowa, sun fi yawa kuwa da tsakar rana, su huda fatar mutum su shige.

Gaskiya ita ce wanke hannu ba zai raba masunci da tsargiya ba, tun da sana'arsa cikin ruwa ta ke. Amma duk wanke hannu da fuska da ka yi da ruwan jarka, ka rage taɓa ruwan gaɓa ke nan. Sauran maganin biyu ne: kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa, kuma wanda ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ya zo asibiti. Akwai ƙwayar magani mai suna Praziquantel, a na auna mutum a ba shi daidai jikinsa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, kamar yadda waɗansu ke gaya wa yara. Cuta ce, in ta daɗe ta kan lalata mafitsara da ƙoda.

Wane ruwa za a zuba a jarka?

Wanda ya fi shi ne na rijiyar burtsatse ko na famfo. In babu, sai rijiya mai murfi wadda ta yi nisa da masai. In kuwa a tsibiri ka ke, ba ka da wani ruwa sai na tafki, to ga yadda za ka gyara shi:

1. Ɗebo shi daga tsakiya, nesa da gaɓa.
2. Aje shi ya kwanta, sa'an nan ka tace da ƙyalle mai tsabta wanda a ka ninka.
3. Dafa shi har ya tafasa sosai ya na tsalle, ka bar shi ya ƙara minti 1 a haka, ya huce a rufe.
4. In itace ya yi wuya, sa maganin ruwa, watau kulorin, na kwalba ko na ƙwaya. Bi awon da a ka rubuta a jikinsa, ka jira minti 30 kafin ka taɓa.

Alam da garin 'ya'yan zogale su na kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba. Bayansu lalle a dafa ko a sa magani.

Jarkar ta zama mai ƙaramin baki da murfi, yadda ba mai iya tsoma hannu ko moɗa ciki. Kada ta zama wadda a ka taɓa zuba fetur, ko maganin ƙwari, ko maganin ciyawa, domin guba ta kan shiga jikin roba, wanki ba ya fid da ita. A wanke ta da sabulu ciki da waje. A aje ta wajen goshin jirgi, nesa da inji da tarin kifi, a ɗaure da igiya, a rufa mata buhu don rana.

Nawa zai isa? Ga lissafi. Wanki ɗaya, in an tsiyaya da buta a hankali, bai wuce rabin lita ba. Mutum 3, kowa ya wanke sau 4, ya zama lita 6. Kowa ya sha lita 3, ya zama lita 9. Duka lita 15 ke nan. Jarka mai lita 20 ta ishe ku yini guda har da saura.

Sabulu kuwa, kowane iri ya yi, ko na kanti, ko sabulun salo, ko garin wanki. Don kada ya sulluɓe ya faɗa ruwa, ƙulle shi cikin guntun tsohuwar raga ka rataye a jikin jirgi. Ta cikin ragar za ka riƙa cuɗawa.

Yadda za a wanke

Ba mu ce kada ka taɓa ruwan kogi ba. Fara da shi, ka kawar da yauƙi da jini da laka, don kada ka ɓata ruwan jarka a banza. Amma wannan share fage ne kurum. Wankin gaskiya shi ne na biyu:

1. Abokinka ya tsiyaya maka ruwan buta, hannunka a wajen jirgi.
2. Cuɗa sabulu har ya yi kumfa. Goge ciki da baya, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, har wuyan hannu.
3. Kada ka yi garaje. Ƙirga daga 1 zuwa 20 a hankali ka na cuɗawa.
4. Ya sake tsiyaya maka har kumfa ya fita.
5. Yarfe hannun, ka bar iska ta busar da shi. Kada ka goge a wando ko a tsumman jirgi, in ka yi haka ka koma inda ka fito.

Sa'an nan kai ma ka zuba masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kai kaɗai ne a jirgi, rataye butar a ƙusa ka karkata ta da gwiwar hannu. Kada ku zuba ruwa a ƙwarya ɗaya kowa ya tsoma, gama na ƙarshe da dattin na farko ya ke wankewa. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta daga murhu ta fi babu, amma ba a sa ta a kan rauni.

Lokatan da ba a ƙetarewa su ne: bayan ka zaga, bayan gyaran kifi, bayan taɓa fetur ko mai, kafin ka ci kome ko da goro ne, da kuma sa'ad da ka iso gida kafin ka ɗauki yaro.

Ka lura da waɗannan kuma. Ƙwaryar kwarfe ruwa dabam, ta shan fura dabam. Kada a dama fura ko a jiƙa gari da ruwan kogi. In za ka yi alwala a kan ruwa, kurkure baki da shaƙa ruwa ka yi su da ruwan buta. Mai jefa birgi da ya saba riƙe bakinsa da haƙori, ya riƙa tofarwa, ya kurkure da ruwa mai tsabta in ya gama. Kifi kuma a dafa shi ko a gasa ya nuna sarai, a ci da zafinsa.

In ƙaya ko ƙugiya ta soke ka

Kowane masunci ya san zafin ƙayar kurungu da ta tarwaɗa. Mu kan ga yatsa ya kumbura ya cika da mugunya, mutum ya yi wata guda bai taɓa raga ba, daga ɗan sukan da bai kai ƙwayar gero ba. Sau da yawa abin da a ka sa wa raunin shi ya ɓata shi: laka, ko fetur, ko baƙin mai, ko garin batir.

In an soke ka, tsaya nan take. Wanke wurin da ruwan jarka da sabulu sosai, ka cire guntun ƙaya in ka na ganinsa, ka ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Ƙugiyar da ta shige har kunnenta ya nutse, kada a fizge ta da ƙarfi, a yanke igiyar a zo da mutum asibiti. In wurin ya yi ja ya na zogi, ko kumburi ya na hawa dantse, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya zo, kada a kwana. Ka tambayi allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora kuma, domin ta irin wannan rauni ya ke shiga.

Abin da mutane kan ce

Wani ya ce, "Ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa." Ba ya riƙe ta a wuri ɗaya, gaskiya ne. Ɗaukarta ya ke yi daga garin sama ya kawo maka.

Wani ya ce, "Cikinmu ya saba." To, me ya sa 'ya'yanmu ke yawan zawo? Cikin jariri bai saba da kome ba, hannun ubansa kuwa shi ke sa masa loma a baki.

Wani ya ce, "Iyayenmu da ruwan nan su ka rayu." Tambayi dattawa labarin kurkunu. Wajen 1988 an ƙirga fiye da mutum 600,000 masu kurkunu a Nijeriya, damina ta zo manomi na kwance. Ba allura ce ta kore shi ba, ba ƙwaya ba ce. Tace ruwa ne, da rijiyoyi masu kyau, da hana mai kurkunu shiga tafkin sha. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ya ƙare a Nijeriya da Nijar. Mutanen ƙauye ne su ka yi wannan aiki da ɗan ƙyalle. Abin da ƙyalle ya yi wa kurkunu, buta da sabulu su na iya yi wa zawo.

Wani kuma ya ce, "Jarka ta na cin wurin kifi." Nauyinta cike kilo 20 ne, kafin ku juyo da kifi kuwa kun kusa shanye ta. Auna wannan da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti, da kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure.

In gudawa ta kama mutum a kan ruwa

Nan ne jarkar nan za ta ceci rai. Ku juya jirgi zuwa gaɓa nan da nan, a hanya kuwa ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In akwai ƙunshin ORS na asibiti, a juye shi cikin awon ruwan da a ka rubuta a jikinsa. Ya kamata kowane jirgi ya aje biyu ko uku cikin leda. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan ba fasawa. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a tsaya neman jiƙo, a wuce asibiti kai tsaye. Mai jinyarsa ya wanke hannu da sabulu duk sa'ad da ya taɓa shi. Kayansa da tabarmarsa kada a wanke su a kogi, a zuba musu tafasasshen ruwa ko ruwan kulorin nesa da gaɓa.

Aikin kowa

Uwargida, ke ce mai haɗa guzuri. Daren da za a fita, cika jarka ki aje kusa da ƙullin abinci, don kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ke ma in kin gama ɓare kifi da jera shi a banda, wanke hannu da sabulu kafin ki ba yaro nono ko ki taɓa tukunya. Aje buta da sabulu a bakin ƙofa domin masu dawowa daga ruwa.

Maigida, yaron da ke riƙe maka filafili abin da ya ga ka na yi shi zai yi. Ba shi aikin riƙon buta tun yanzu.

Sarkin ruwa da dattawan tunga, maganarku a ke ji a bakin gaɓa. Yadda ku ke hana kamun kifi da guba, haka za ku iya tambayar kowane jirgi jarkarsa kafin ya tashi. Ku sa a haƙa masai a kan tudu nesa da ruwa. In kuwa ku ka ga babba ko da ɗaya ya na gudawa fara kamar ruwa, ku aika wa ma'aikacin lafiya mafi kusa a ranar, kada ku jira ta kama na biyu.

Gobe da asuba, sa'ad da ka ke duba raga da filafili, ka duba jarka da buta da sabulu. In babu su, shirinka bai cika ba. Allah ya ba da sa'ar su, ya maido ku gida lafiya.